Hannun da Aka Ce Ya Kashe Karfasa a Masar

Wulaƙancin farko a filin jirgin Alƙahira na sha shi, ƙafata ko gama taka ƙasar Masar ba ta yi ba. Wani ɗan kwastan mai gashin baki ya buɗe jakata, ya ci karo da ƙullin daddawa da bandar tarwaɗa guda shida da na yi da hannuna. Ya toshe hanci, ya ɗaga ƙullin da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya kira 'yan'uwansa su zo kallo. Ni ba Larabci ba, sai na salla. Na waiwaya ina neman Malam Sabo, jami'in kifi daga Jos, wanda aka haɗo mu tare, mu biyu rak daga Najeriya. Mai digiri ne, Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo. Taku uku ne tsakanina da shi. Ɗan kwastan ya tambaye shi ko tare muke. Turancina na 'yan makarantar yamma ne, amma ya isa in ji amsarsa. Ya ce jirgi ɗaya dai muka shigo.

Jirgi ɗaya! Mutumin da ya ci gyaɗata tun daga Kano har cikin gajimare.

Suka zuba daddawar da kifin a kwandon shara ina kallo. Da muka fito na ce, “Malam Sabo, ashe ba ka san ni ba?”

Ya ce, “Haba Madam, ke ma kin san nan ba kasuwar Lafiya ba ce. Ki rinƙa nuna wayewa, kada ki ba mu kunya.”

Na haɗiye. Da na sani, da tun a nan na yi masa wankin babban bargo.

Sunana Asabe. A Akurba an fi sanina da Asabe mai banda. Shekara ashirin da ɗoriya ina saro kifi daga Tunga, bakin Binuwai, in banda shi, in kai kasuwar Lafiya. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na zauna a bencin yaƙi da jahilci, yara suna leƙe ta taga suna dariya. Daga nan na zarce makarantar yamma. A lokacin ba a yanka mana Jihar Nasarawa ba, komai sai an hau dutsen Jos. Wani shirin taimaka wa matan karkara ya yi wa ƙungiyarmu alkawarin fadama a bayan Akurba, da haƙa mana tafkunan kifi huɗu. Sharaɗi ɗaya suka kafa: sai ɗaya daga cikinmu ta je ta koyo kiwon kifi, ta dawo da takardar shaida. Ba takarda, ba tafki. Mu talatin ne, ni kaɗai ke iya rubuta sunana ba tare da dangwale ba. Abin da ya kai ni Masar ke nan, ina da shekara arba'in da huɗu.

Daga Alƙahira aka kwashe mu a wata farar bas zuwa wani ƙauye, inda cibiyar koyarwar take a tsakiyar gonaki da magudanan ruwa. Mu goma sha shida ne daga ƙasashen baƙar fata, ni kaɗai ce mace. Aka rasa inda za a ajiye ni, sai aka ba ni wani ɗaki kusa da sito, mai warin abincin kifi. Abinci kuwa wake da gurasa da safe, gurasa da wake da rana. Sai na rufe ido in ga sakwara da miyar agushi tana tururi, in buɗe in ga wake. In na fita sayen sabulu yaran ƙauyen su bi ni suna tafi, suna kirana da sunan alewar nan baƙa, cakulan. Manyansu suna zaune suna shan hayaƙi a tulu, ba mai tsawatarwa. Musulmi 'yan'uwana, alƙibla ɗaya muke fuskanta.

Mutum ɗaya ce ta dube ni a matsayin mutum. Sunanta Na'ima, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, bazawara mai jiki, makullai a rataye a ƙugunta kullum. Ba ma jin yaren juna. Ranar da ta gan ni ina salla a kan kwali, washegari ta kawo mini dadduma. Tana kirana Hajja, ni da ko Makka ban taɓa zuwa ba.

Malaminmu Dakta Magdi ne, dogo, mai saurin magana, mai saurin fushi. A mako na biyu ya nuna mana abin da ya sa na riƙe baki. Karfasa, wadda su suke kira bulɗi, in ka zuba maza da mata a tafki ɗaya, haihuwa za su yi ta yi har tafkin ya cika da 'yan mitsi-mitsi, ba mai girma. Namiji ne ke girma. To sai suka samo wani farin gari a 'yar kwalba, sinadarin da ke sa namiji ya zama namiji. A narka shi a sifirit, a cuɗa da abincin 'ya'yan kifi, a shanya. 'Ya'yan da suka ci shi tun suna kamar ƙwayar shinkafa, kusan duk maza za su tashi. Ni dai na raɗa masa suna maganin maza. A Lafiya na saba jin baki ya mai da mace namiji, ka ji mutum yana cewa matata ya tafi kasuwa. Amma da garin abinci, sai a Masar.

Dakta ya buga tebur ya ce mako huɗu kawai ake bayarwa. Ya ɗaga yatsu huɗu. Na rubuta a littafina da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa.

Aka raba mu bibbiyu, kowace ƙasa da kwamin siminti huɗu. Biyu za su ci abinci mai magani, biyu abinci zalla, a ƙarshe a auna a gwada. Aka kuma sanar cewa wanda kifinsa ya fi girma, za a ba shi gurbin ƙarin karatu. Tun daga ranar idon Malam Sabo ya canza.

Ya ce, “Madam, awon nan ba na mudu ba ne. Ni zan haɗa abinci, ni zan riƙe littafi. Ke ki rinƙa wanke kwami kina zubawa.”

Na ce, “Wato kai oga, ni baranya.”

Ya ce, “Kowa da inda Allah ya ajiye shi.”

Na karɓa, don ba faɗa ya kawo ni ba. Shi yana ɗakin karatu da kwat, ni ina cikin ruwa har gwiwa. An raba mana safar hannu ta roba, na gwada kwana ɗaya na yar. Yaya zan taɓa kifi da roba? Kamar a ce ka ɗanɗana miya da harshen wani ne. Uwata ta koya mini tun ina tallan kifi a faranti: kifi a tafin hannu yake magana. Mai lafiya yauƙinsa kauri gare shi, yana zille maka kamar kuɓewa ɗanya. In ka ji jikinsa ya fara kaushi, yana kama hannu, to rigarsa ta yage, ciwo na hanya. Kowace safiya nakan wanke hannuna da gishiri, in shafa kifin kwami huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Har na 'yan Gana da ke kusa da mu nakan taya su, don ɗayansu ciwon baya ke damunsa.

Mako huɗu ya cika, kowa ya daina. Mako na shida na buɗe kwanon abincin da Sabo ya miƙo mini, sai warin sifirit ya daki hancina, sabo fil.

Na ce, “Malam, ba an ce mako huɗu ba?”

Ya ce, “Warin kwano ne.”

Na ce, “Kwanon da na wanke da toka jiya?”

Ya ce, “Madam, ke kika yi jami'a ko ni? Ke dai zuba.”

Na zuba. Wannan shi ne laifina, kuma har gobe ina cizon yatsa. Na ga kwat da tabarau, na ƙaryata hancina. Shekara shida a benci sun koya mini karatu, amma sun kuma koya mini jin kunyar abin da na sani tun kafin benci.

Gaskiya kifin kwami biyun nan masu cin magani sun yi kyan gani. Suka yi duhu, maƙogwaronsu ya yi ja, sai faɗa da juna, kowa na korar kowa daga kusurwarsa. Sabo ya rinƙa jawo mutane su zo kallo. Ni kuwa hannuna na gaya mini wani abu dabam. Kullum yauƙinsu raguwa yake. Na faɗa masa sau biyu. Ya ce yauƙi ba ya cikin abin da ake aunawa.

Sai sanyi ya sauko. Ku da kuka san Lafiya kun san mu da zafi muka saba, ko a watan sanyi zane ɗaya ya ishe mu. Wannan kuwa sanyi ne mai shiga ɓargo, ruwan kwami kamar reza. Yatsuna suka tsattsage. Na'ima ta kawo mini wata rigar ulu ta marigayin mijinta, ta kai mini har gwiwa, da kwanon miyar wani ɗan jan wake mai zafi. Na sha ina hawaye, ta yi kamar ba ta gani ba.

Kwana biyar da shigar sanyin, na tarar da kifi bakwai sun juya ciki sama. Wani farin abu kamar auduga ya tsiro musu a baya da gindin wutsiya. Washegari ashirin. Kafin mako ya zagayo, kwami biyun nan sun kusa zama kabari. Sauran biyun namu, masu cin abinci zalla, sun lafa a ƙasa saboda sanyi amma ba wanda ya mutu sai ɗaiɗai. Haka na 'yan Gana, haka na kowa.

Ranar Lahadi aka kira ni ofis. A can Lahadi ranar aiki ce. Dakta Magdi na zaune, Sabo na gefe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga takarda shafi biyu a kan tebur. Dakta ya karanta mini a hankali, kamar mai yi wa kurma magana. Rahoton Sabo ne. Wai abokiyar aikinsa ba ta da ilimin tsabta. Wai ta ƙi sa safar hannu duk da ya gargaɗe ta. Wai hannunta ne ya kai cuta cikin ruwa. Har da cewa a gida sana'arta taɓa mataccen kifi.

Dakta ya ce ba zai iya sa hannu a takardar shaidar wadda ta kashe kifin gwaji da ƙazanta ba. Za a ba ni wasiƙar cewa na halarta, shi ke nan. Jirginmu saura kwana tara.

Wasiƙar halarta! In kai wa mata talatin wasiƙar cewa na je na ga Masar? Matan da suka yi karo-karon doya da gyaɗa suka ciyar da 'ya'yana wata huɗu? Na ga fuskar Iya Ladi, shugabarmu, da ta riga ta sa an sassabe fadamar.

Na juya ga Sabo da Hausa. Na ce, “Kai, ɗan nan. Ka dubi tsabar idona ka ce hannuna ne.”

Ya ce, “Madam, ki yi haƙuri, kimiyya ba ta san tausayi ba.”

Na ce, “Ta san ƙarya?”

Na miƙe na ɗora hannuwana biyu a kan teburin Dakta, a kan rahoton, da tsagunansu da komai. Turancina ya watse, na tattaro shi da ƙarfin tsiya. Na ce hannun nan ɗaya ne. Shi ya taɓa kwami huɗu namu, shi ya taɓa huɗu na Gana, kowace safiya. Wane irin hannu ne zai kashe biyu ya bar shida? Hannu yana zaɓe? Na ce kifin nan sun ci maganin maza har mako goma, ni na zuba musu, hancina shaida ne.

Sabo ya yi dariya ya ce littafi ya nuna mako huɗu. Dakta ya duba littafi. Littafi kuwa ya ce huɗu, da kyakkyawan rubutu.

Dakta ya ce, “Hanci ba hujja ba ne, Hajja.”

Na ce to a ba ni bokiti. A ɗebo kifi daga ragowar kwami biyun nan, waɗanda audugar ba ta fito musu ba tukuna. A ɗebo daga na kowa, masu girma ɗaya. A ɗaure mini ido. In ban ware su ba, in tafi ba ko wasiƙar.

Ina jin don ya rabu da ni ya yarda. Aka taru a rumfar kwami, duk 'yan kwas da ma'aikata, wasu na murmushi. Dakta da kansa ya ɗebo kifi goma sha biyu, kowanne a kwanonsa, ya rubuta inda ya fito a ƙasan kwanon. Na'ima ta ninka mayafina ta ɗaure mini ido, ta matse kafaɗata sau ɗaya.

Na ce bismillahi, na tsoma hannu. Na farko ya zille mini kamar sabulu. Na ce dama, wato lafiyayye. Na biyu haka. Na uku na kama shi ya zauna a tafina, jikinsa kamar an shafa masa gari. Na ce hagu. Ban yi sauri ba. Ina shafawa daga kai zuwa wutsiya, ina jin muryar uwata a kunnena. Da na gama aka kwance mini ido.

Dakta ya bi kwanukan yana ɗagawa yana leƙa ƙasansu. Biyar na ajiye a hagu, duka biyar daga kwamin Sabo. Na shidansu ne ya kuɓuce mini, na kai shi dama. Ɗan Ganan nan mai ciwon baya ya buga tsalle ya manta da bayansa.

Sabo ya ce wannan ya nuna kifin ba su da lafiya ne kawai, bai nuna dalili ba. Gaskiyarsa kuwa, shegen wayo gare shi. Sai na ji ƙarar makullai. Na'ima ta wuce ɗakin gwaje-gwaje ta dawo da 'yan kwalabe takwas a faranti, kowace da sunan ƙasa a jiki. Ta jera su a bakin kwami. Bakwai da sauran gari fiye da rabi. Ta Najeriya kuwa an side ta tas. Ta nuna Sabo da haɓa, ta faɗi wata magana da Larabci wadda ta sa ma'aikatan suka sunkuyar da kai. Har yau ban san me ta ce ba, amma na yarda da ita.

Dakta ya daɗe yana juya kifi ɗaya a hannunsa. Ya cire safarsa, ya shafa shi. Sannan ya yi mana bayani. Ya ce jikin kifi yana da garkuwa kamar na mutum, yauƙin nan shi ne katangar farko, a cikin jini kuma akwai masu gadi. Ya ce masana sun daɗe suna zargin cewa sinadarin maza in ya yi yawa yana kwantar da masu gadin nan. Jiki ya tafi wajen ado da faɗa, ya bar ƙofa a buɗe. Sanyi ya zo ya tarar ba mai tsaro.

Na ce ai mun sani. Ya ce su wa? Na ce mu masu banda. A Tunga, lokacin da karfasa ke haƙa gurbi a yashi, mazan nan masu jan wuya su ne ke zuwa mana da gyambo, su ne ke fara lalacewa a kwando. Uwata takan ce namijin da ya ci ado, jikinsa ne ya biya. Dakta ya sa na maimaita, ya rubuta a littafinsa. Bai tambayi sunan uwata ba. Sunanta Mairo.

Kada ku ɗauka an yi adalci. An yaga rahoton, an ba ni takardata, amma shi ma Sabo an ba shi tasa, iri ɗaya, hatimi ɗaya. Gurbin karatun ne kawai ya rasa. Dakta ya ce a bar maganar a nan, kada a ɓata zumuncin ƙasashe. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Da ni ce na side kwalbar nan, da a ankwa za a rako ni jirgi. A bas ɗin komawa Sabo ya matso ya ce, “Madam, abin da ya faru a Masar ya tsaya a Masar ko?” Na ce masa ni ba a ɗinke bakina ya zo duniya ba. Na'ima kaɗai na yi kukan rabuwa da ita. Na so in mayar mata da rigar ulun, ta tura mini ita a ƙirji. Tana cikin akwatina har yau, a garin da ba a bukatar ta.

An haƙa mana tafkunan. Maganin maza kuwa ban taɓa barin ya shigo Akurba ba. Ban ce haram ne ba, wanda ya iya awonsa ya yi. Mu da hannu muke ware maza da mata in sun kai yatsa uku, a kifa kifi a duba ƙasan cikinsa. Aiki ne mai cin rai, amma mata talatin hannu sittin ne.

Shekara biyu bayan nan sai ga motar gwamnati daga Jos, da baƙi, da mai ɗaukar hoto. Wa zai fito daga gidan gaba? Malam Sabo, ya yi tumbi, an ƙara masa girma. Ya tsaya a bakin tafkinmu yana nuna ni da biro, yana gaya wa baƙin cewa wannan ɗalibarsa ce, tare suka je Masar, shi ya ɗora ta a hanya.

Iya Ladi ta dube ni. Duk matan sun san labarin, har da na daddawa.

Na shiga ruwa na ɗebo karfasa rabin bokiti, na dire a gaban takalminsa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ga baƙi sun zo daga nesa. Ware musu namiji da mace su ga yadda ka koya mini.”

Ya dubi bokitin. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Ya ce bai zo da safar hannu ba.

Mai hoton ya juyo gare ni ya ce, “Mama, ashe kin san Oga tun da daɗewa?”

Na goge hannuna a zane. Na ce, “A'a. Jirgi ɗaya dai muka shigo.”